Tangarɗar Tsara Furuci a Bakin Yara: Matsayin Karin Sauti da Tsawon Wasali Wajen Ganewa da Tallafa wa Yaro Bahaushe

Tsakure

Wannan takarda ta duba lalurar da ke hana yaro tsara motsin gaɓoɓin furucinsa, alhali kunnensa lafiya lau kuma tsokokin bakinsa da ƙarfinsu, wadda masana ke kira afraksiya ko disfiraksiyar magana ta ƙuruciya. Manufarta ita ce nuna cewa ma'aunan gane lalurar da dabarun magance ta an gina su ne a kan tsarin sautin Ingilishi, don haka ba za su amfani yaron da Hausa ce harshensa na farko ba sai an sake ɗora su a kan karin sauti da tsawon wasali da ɗaurin baƙi. Takardar ta yi bitar ra'ayoyin magabata, ta auna alamomin lalurar da tsarin sautin Hausa, sannan ta tattauna yadda tallafi zai yiwu a inda ƙwararru suka yi ƙaranci.

1.0 Gabatarwa

Akwai yaron da yake ji sarai, yana fahimtar abin da aka faɗa masa, a aike shi ya je ya dawo da saƙo daidai, amma da ya buɗe baki sai magana ta ƙi fita yadda ya nufa. A ce ya faɗi "tabarma" ta fito kusa da daidai, a ce ya sake ta fito da wata kama, a karo na uku kuma da wata dabam. Wani lokaci ana ganin leɓɓansa da harshensa suna lalube kafin sauti ya fita. Wannan yaro yana cin tuwo, yana tauna, yana haɗiya, yana dariya, duk da waɗannan gaɓoɓin da suke ƙi masa biyayya wajen magana. Matsalar tana can a matakin da ƙwaƙwalwa take shirya jerin motsi, wato wace gaɓa za ta motsa, zuwa ina, da wane sauri, kuma a wane lokaci. A wannan takarda za a kira lalurar da sunan tangarɗar tsara furuci. Ta bambanta da in'ina, inda kwararar magana ce ke katsewa. Ta bambanta da raunin tsokokin furuci, inda gaɓoɓin ne ba su da ƙarfi ko sun sandare. Ta kuma bambanta da tsamin bakin yarinta, wanda yake bin ƙa'ida ɗaya a kullum, kamar yaron da ko yaushe yake mayar da "r" ta koma "y" ko "l", kuma yawanci yakan wuce da girma.

Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, tunda lalurar ta shafi tsara motsi da lokacinsa, to inda za ta fi bayyana a bakin yaro shi ne inda harshensa ya fi dogara da daidaiton lokaci da na murya. Wannan wuri ba ɗaya ba ne a Ingilishi da Hausa.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Likitan Jamus Hugo Liepmann ne ya bayyana afraksiya a 1900 a matsayin gazawar aiwatar da motsin da aka nufa ba tare da shanyewar gaɓa ba, kuma a kan manya ya yi aikinsa. A shekarun 1950 Muriel Morley da abokan aikinta a Newcastle ta Ingila suka lura da irin wannan yanayi a maganar yara, sannan Yoss da Darley (1974) suka yi ƙoƙarin fitar da alamomin da za su ware waɗannan yara daga sauran masu matsalar furuci. Ra'ayin bai samu karɓuwa cikin sauƙi ba. Guyette da Diedrich (1981) sun yi suka mai ƙarfi, inda suka nuna cewa an raɗa suna ne kafin a tabbatar da waɗanda sunan ya dace da su, domin babu wata alama guda da ta keɓanta da lalurar, kuma masu bincike suna zaɓen yara da alamomin da daga baya suke cewa sun gano a jikinsu. Wannan suka ta yi amfani, domin ita ta tilasta wa fannin neman hujja mai ƙwari.

Hujjar ta zo ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta gado. An bibiyi wani dangi a Landan da ake wa laƙabi da KE, wanda kusan rabin mutanensa a zuriya uku suke da matsananciyar matsalar furuci, har Lai da Fisher da abokan aikinsu suka sanar a 2001 cewa sauyi ne a ƙwayar gado mai suna FOXP2 da ke kan kuromosom na 7. Daga baya ta bayyana cewa FOXP2 ɗaya ce daga cikin ƙwayoyi da yawa: Hildebrand da abokan aikinsa (2020) sun binciki yara 34 a Ostireliya, suka sami sauyin ƙwayar gado mai bayyana lalurar a 11 daga cikinsu. Haka kuma Shriberg da Potter da Strand (2011) sun same ta a 8 daga cikin matasa 33 masu galaktosemiya, cutar da ke hana jiki sarrafa wani nau'in sukarin madara. Hanya ta biyu ita ce ta daidaita ma'auni. A 2007 Ƙungiyar Masana Magana da Harshe da Ji ta Amurka, wato ASHA, ta fitar da matsaya mai alamomi uku: kuskuren baƙi da wasali wanda ba ya tsayawa a kama ɗaya idan an maimaita kalma, tsawaitawa ko katsewa wajen wucewa daga sauti zuwa sauti ko daga gaɓa zuwa gaɓa, da kuma rashin daidaiton rausayin furuci, musamman dannin gaɓa a cikin kalma ko jimla. Ƙiyasin da aka fi ambata na yawan masu lalurar shi ne na Shriberg da Aram da Kwiatkowski (1997), wato yaro 1 zuwa 2 a cikin kowane 1,000.

Abin lura a duk wannan tarihi shi ne cewa kusan dukkan yaran da aka gina ma'aunan a kansu masu magana da Ingilishi ne. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka girgiza wannan al'ada a fagen harsuna masu karin sauti shi ne na Eddy Wong da abokan aikinsa a Hong Kong daga 2020, waɗanda suka duba yara masu magana da Kantonis, suka nuna cewa masu lalurar suna shan wahala wajen sarrafa hawa da saukar murya, musamman idan aka nemi su jera gaɓoɓi masu kari mabambanta.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na kwatance ne, ba a tattara bayanai daga yara ba. An ɗauki alamomi uku na ASHA tare da jerin alamomi goma da Edythe Strand ta asibitin Mayo ta tsara, aka auna kowace da bayanin tsarin sautin Hausa kamar yadda ya zo a ayyukan M. A. Z. Sani da Paul Newman. An yi wa kowace alama tambaya biyu: shin tana da gurbi a Hausa, kuma shin yaro Bahaushe lafiyayye zai iya nuna ta saboda harshensa kawai? Ta ɓangaren jiyya kuwa, an dogara da gwaje-gwajen da aka buga sakamakonsu. Saboda haka abin da aka faɗa game da Hausa a sashe na 4 hasashe ne da aka ciro daga tsarin harshen, kuma an tsara shi yadda za a iya gwada shi a tabbatar ko a rushe.

4.0 Alamomin Lalurar a Ma'aunin Hausa

4.1 Karin sauti da tsawon wasali a gurbin dannin gaɓa

Alama ta uku ta ASHA ta tsaya ne a kan dannin gaɓa, domin a Ingilishi kowace kalma mai gaɓoɓi da yawa tana da gaɓar da ake ƙarfafawa da waɗanda ake raunanawa, kuma yaro mai lalurar yakan daidaita su duka. Hausa ba ta bambanta kalmomi ta wannan hanya. Tana yin haka ne da karin sama da na ƙasa da faɗau, da kuma tsawon wasali. "Wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala kari ne ya raba su, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo kuwa karinsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne kaɗai bambancinsu. Ga kuma ɗaurin baƙi, wanda ya raba "daba" da "dabba". Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne na lokaci ko na murya: tsawaita wasali yana buƙatar riƙe siffar baki na ɗan wani lokaci ƙayyadadde, ɗauri yana buƙatar riƙe rufewar, kari kuma yana buƙatar tantanin maƙwallato ya sauya ɗamewarsa daidai lokacin da harshe da leɓɓa suke shiga sabuwar gaɓa. Idan lalurar gazawa ce wajen tsara girman motsi da lokacinsa, kamar yadda ASHA ta fassara ta, to a nan ne ya kamata a fara neman ta a bakin yaro Bahaushe.

Lamarin ya wuce kalmomi ya shiga nahawu, kuma wannan ne ya fi nauyi. A Hausa lokutan aikatau suna rataye ne a kan wakilin suna, kuma sau da yawa kari da tsawo ne kaɗai alamarsu. "Ya tafi" mai dogon wasali da karin sama labari ne na abin da ya wuce. "Ya tafi" mai gajeren wasali da karin ƙasa umarni ne ko fata. Da faɗau kuwa ta koma abin da ake sa ran zai faru. Yaron da ba ya iya riƙe tsawo da kari zai riƙa cakuɗa waɗannan, sai mai sauraro ya ɗauka nahawun ne bai sani ba ko kuma hankalinsa ne bai kai ba, alhali ya san abin da yake nufi, hanyar fitar da shi ce ta toshe. Illar wannan kuskuren fahimta a makaranta babba ce, domin daga nan ake fara sanya yaro a sahun daƙiƙai.

Akwai kuma cikas na rubutu. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun boko ba ta nuna kari ko tsawon wasali. Jami'in gyaran maganar da ya saurari yaro ya rubuta "gari" a takardarsa ya riga ya shafe shaidar da ake nema, domin rubutun ɗaya ne ko yaron ya faɗa daidai ko bai faɗa ba. Duk wani ma'auni na Hausa dole ya tanadi rubutun da ke nuna kari da tsawo, irin wanda ɗaliban sashen Hausa na jami'o'i suke koya, tare da naɗar murya don a sake saurare.

4.2 Hamzatattun baƙaƙe

Jerin Strand ya ambaci kuskuren ziza, wato cakuɗa baƙi mai ziza da marar ziza, kamar "d" da "t". A Ingilishi bambancin hawa biyu ne. A Hausa hawa uku ne a gurabe da dama: t da d da ɗ, k da g da ƙ, s da z da ts. Furta tunkuɗau irin ƙ yana buƙatar rufe maƙwallato da rufe baki, a ɗaga maƙwallaton, sannan a saki na baki kafin na maƙwallato. Wannan jerin motsi ne mai tsauri, kuma ana sa ran yaro mai lalurar zai riƙa samunsa wani lokaci ya rasa shi wani lokaci, ya ce "ƙafa" yanzu, an jima ya ce "kafa" ko "gafa". Rashin tsayawa a kama ɗaya shi ne abin lura a nan. Yaron da kullum yake cewa "kafa" a maimakon "ƙafa" yana bin ƙa'ida ce, kuma hakan ya zama ruwan dare a Hausar waɗanda suka koye ta a matsayin harshe na biyu, har da wasu al'ummomin zango a Gana.

4.3 Alamomin da za su yaudari mai gwaji

Tambaya ta biyu ta nazarin ta fito da haɗarin da ya fi kusa, domin a birane ana yawan gwada yara da kayan gwaji na Ingilishi. Biyu daga cikin alamomin Strand su ne cusa wasali a tsakanin baƙaƙe da kuma daidaita dannin gaɓoɓi. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa kalmomin aro suka zama "burodi" da "firamare" da "direba". Yaro Bahaushe lafiyayye da aka ba shi kalmar Ingilishi mai cunkoson baƙaƙe zai cusa wasali, kuma zai ba gaɓoɓin nauyi kusan ɗaya kamar yadda ake ji a Ingilishin Nijeriya. Ke nan ya nuna alamomi biyu ba tare da wata lalura ba. Haka gwajin maimaita "pa-ta-ka" da sauri, wanda Murray da McCabe da Heard da Ballard (2015) suka nuna amfaninsa idan aka haɗa shi da kalmomi masu gaɓoɓi da yawa, yana farawa ne da sautin da ba ƙwayar sauti mai zaman kanta ba ce a Hausa. Ana iya musanya shi da "ba-ta-ka", a haɗa da kalmomin da yaro ya sani kamar "makaranta", "tattabara" da "alƙalami". Karin harshe ma yana da nasa tarko: abin da Bakano yake furtawa da "f", Basakkwace zai iya furta shi da "h" ko "hw", kuma yaron da uwarsa da ubansa suka fito daga shiyyoyi biyu zai iya yin duka biyun cikin ƙoshin lafiya.

5.0 Tallafi

5.1 Abin da gwaji ya tabbatar

Tunda matsalar ta motsi ce, dabarun da suka yi tasiri sun ginu ne a kan ƙa'idojin koyon motsi waɗanda Maas da abokan aikinsa (2008) suka tattaro: maimaitawa mai yawa, sauya abin da ake atisaye a kansa, da rage gyara a hankali har yaro ya riƙa jin kuskurensa da kansa. Dabarar DTTC ta Strand an yi ta ne don ƙananan yara da masu lalura mai tsanani. Jami'i da yaro suna fuskantar juna, su furta kalma tare a hankali, yaron yana kallon bakin jami'in, sannan ya koma maimaitawa bayansa, sannan a sa ɗan jinkiri, har ya kai ga faɗa da kansa. Dabarar ReST ta Jami'ar Sydney tana amfani da ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana don a tilasta wa ƙwaƙwalwa sabon tsari a kowane karo, ita kuwa NDP3 ta cibiyar Nuffield a Landan tana hawa ne daga sauti guda zuwa gaɓa zuwa kalma zuwa jimla. Murray da McCabe da Ballard (2015) sun kwatanta biyun ƙarshe a kan yara 26 'yan shekara 4 zuwa 12, kowane ya sami zama 12 na awa guda cikin mako 3. Duka biyun sun kawo ci gaba mai yawa wanda ya shafi har kalmomin da ba a yi atisaye a kansu ba, kuma ribar ReST ta fi dawwama bayan wata 4. Ya kamata a faɗi iyakar wannan hujja: bitar Cochrane ta Morgan da Murray da Liégeois (2018) wannan gwajin guda kaɗai ta samu da ya cika sharuɗɗanta. Game da yawan maimaitawa kuwa, Edeal da Gildersleeve-Neumann (2011) sun ga cewa furuci sama da 100 cikin minti 15 ya fi 30 zuwa 40 tasiri, ko da yake yara biyu ne kacal a binciken.

Mayar da waɗannan dabaru Hausa ya wuce fassara jerin kalmomi. ReST tana horar da abu uku: daidaiton sauti, santsin wucewa tsakanin gaɓoɓi, da dannin gaɓa. A Hausa na ukun ba shi da aiki, sai a maye gurbinsa da ƙagaggun kalmomin da ke sauya kari da tsawo, misali gaɓoɓi uku iri ɗaya a furta su sama-sama-ƙasa, sannan ƙasa-sama-sama, sannan a tsawaita ta tsakiya, tare da kiyaye ƙa'idar cewa faɗau ba ya sauka sai a gaɓa mai nauyi. A DTTC kuwa, kalmomin farko su zama waɗanda yaro yake buƙata a yininsa: "ruwa", "a'a", "ba ni", "zo", "Inna", da sunansa.

5.2 Abin da ba ya magani

Atisayen baki marar magana, irin su hura iska da tsotso da kaɗa harshe, ya yaɗu ƙwarai a tsakanin jami'ai, amma bitar Cochrane ta Lee da Gibbon (2015) ba ta sami ƙwaƙƙwarar hujja a kansa ba, kuma a hankalce ƙarfafa tsokar da ba ta da rauni ba zai gyara tsari ba. Wannan hujja ta shafi ayyukan wanzamai ma. Cire belu ba shi da alaƙa da yadda ƙwaƙwalwa take tsara furuci, yankan linzamin harshe kuma ba ya amfani sai inda likita ya tabbatar tantanin ya ɗaure harshen da gaske, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Jira ma ba magani ba ne. Maganar da ake yi wa iyaye cewa nauyin baki ne, zai buɗe da kansa, gaskiya ce ga yara da yawa masu jinkirin fara magana, amma ba ga waɗannan ba, kuma Lewis da abokan aikinta (2004) sun nuna cewa matsalar takan bi su makaranta ta bayyana a karatu da rubutu.

5.3 Maganar hannu

Iyaye da yawa suna tsoron cewa idan yaro ya saba da nuni da hannu ko da allon hotuna zai yi watsi da baki. Bitar Millar da Light da Schlosser (2006) ba ta sami raguwar magana ba a waɗanda aka ba irin wannan taimako, mafi yawansu ma ƙaruwa suka yi. Ƙasar Hausa tana da gata a nan, domin tana da nata harshen hannu wanda Constanze Schmaling ta bayyana a littafinta Maganar Hannu (2000) bayan aikinta a Kano, kuma masu ji da yawa suna iya taɓa shi a kasuwa da unguwa. Yaron da zai iya nuna yunwa ko ciwo ko ƙin yarda da hannu yana samun sauƙin takaicin da ke sa irin waɗannan yara fushi ko janyewa daga wasa. Sai dai a kiyaye: yaron yana ji, don haka kai shi makarantar kurame saboda kawai ba ya magana zai raba shi da sauraron maganar da yake buƙata.

6.0 Amsa Wasu Suka

Suka ta farko ita ce ta fifiko: a yankin da sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne suke kurmantar da yara, me zai sa a kashe ƙarfi kan lalurar yaro 1 ko 2 cikin 1,000? Amsar ita ce aikin da ake nema ba na wannan lalura kaɗai ba ne. Ba a iya gane ta sai an fara gwada ji, an duba ganɗa da hanɗa, an auna fahimta, an kuma san shekarun da lafiyayyen yaro Bahaushe yake mallakar kowane sauti. Duk wannan zai amfani kowane yaro mai matsalar magana. Kuma ko a ƙiyasi mafi ƙanƙanta, a cikin yara miliyan 1 ana maganar yara 1,000 ne.

Suka ta biyu ita ce ta Guyette da Diedrich a sabuwar riga: yaɗa sunan lalura a inda ƙwararru ba su da yawa zai sa a liƙa shi a kan duk yaron da ba a gane maganarsa. Wannan tsoro yana da tushe. A binciken Murray da abokan aikinta da aka ambata a sashe na 4.3, daga yara 47 da aka turo da zaton lalurar, 32 ne aka tabbatar, sauran wasu matsaloli ne dabam, har da tsagewar hanɗa wadda fata ta rufe. Idan haka ta faru a Ostireliya, to ta fi sauƙin faruwa inda ake gwaji da harshen da ba na yaro ba. Amma abin da wannan yake nunawa shi ne buƙatar ma'auni na Hausa, kuma ya wajaba a tsaya a kan "ana zato" ga yaron da bai kai shekara 3 ba ko wanda kalmominsa ba su isa a gwada ba, a fara taimako ba tare da jiran tabbacin suna ba.

Suka ta uku ta fi wuyar amsawa. Jiyyar da aka tabbatar tana son zama 4 a mako tare da ƙwararre, alhali masu gyaran magana da Hukumar Rajistar Masu Gyaran Gaɓoɓi ta Nijeriya take yi wa rajista sun fi taruwa a manyan birane da asibitocin koyarwa, kuma ba dukkansu ke jin Hausa ba. Mafita mai sauƙin faɗa ita ce a miƙa aikin ga iyaye, amma hujja ba ta goyi bayan haka kai tsaye ba. Thomas da McCabe da Ballard (2017) sun raba ReST tsakanin jami'i da iyaye, sakamakon bai kai na jami'i shi kaɗai ba, domin yanke hukunci nan take kan ko furuci ya yi daidai aiki ne mai wuya, ga nauyin zama uwa da malama a lokaci guda. Waɗannan masu bincike dai sun sami sakamako mai kyau da zama 2 a mako (2014) da kuma ta hanyar bidiyo kai tsaye (2016). Abin da ya fi dacewa da wannan hujja shi ne tsari mai hawa uku. Ƙwararre ya yi ganewa ya tsara manufa, ko da ta waya mai bidiyo ne. Mataimaki horarre, kamar malamin da ya karanta ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ko ta Jos ko Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, ya gudanar da atisayen yau da kullum. Iyaye da yayye kuma su riƙe abin da yaro ya riga ya iya, su ba shi damar amfani da shi a gida, su hana tsokana da kwaikwayonsa. Sigar koyarwar ba baƙuwa ba ce, domin ta yi kama da yadda malamin allo yake biya wa almajiri, ya faɗa a hankali, yaron ya bi yana kallon bakinsa. Bambancin shi ne dole a yi ta ɗaya da ɗaya, domin a karatun taro muryar wannan yaro takan nutse cikin ta sauran, ba a ji kuskurensa balle a gyara. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da madogarar neman a sama wa irin wannan mataimaki gurbi a makarantun gwamnati.

7.0 Binciken da Ya Kamata Ya Biyo Baya

Hasashen sashe na 4 yana buƙatar gwaji a matakai biyu. Na farko shi ne naɗar muryoyin lafiyayyun yara 'yan shekara 2 zuwa 7 a Kano da Sakkwato da Damagaram, da jerin hotuna guda wanda ya ƙunshi tagwayen kalmomin da kari ko tsawo ko ɗauri ko hamza kaɗai ya raba, kowace a furta ta sau uku a lokuta mabambanta, don a san shekarun da kowane bambanci yake zama daram a kowane karin harshe. Na biyu shi ne a ba yaran da ake zargi da lalurar wannan jeri tare da masu tangarɗar tsarin sauti, wato waɗanda kuskurensu yake bin ƙa'ida ɗaya, da masu raunin tsoka, a auna tsawon wasali da hawan murya da manhajar nazarin sauti irin Praat, wadda kyauta ce. Idan kuskuren kari da tsawo ya ware rukunin farko daga sauran biyun, hasashen ya tsaya kuma an sami ginshiƙin ma'auni. Idan bai ware su ba, sai a mayar da nauyin ganewa kan rashin tsayawa a kama ɗaya da katsewar gaɓoɓi. Aikin yana buƙatar masanin tsarin sautin Hausa da jami'in gyaran magana da likitan kunne da maƙogwaro su zauna a kan bayanai guda, kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna tare da sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna da mutanen da za su iya fara shi.